Ranar da Muka Yi wa Jirgi Yayyafi

Ranar wata Laraba ce da hantsi, cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina tsaye a bakin wani fili a bayan garinmu, kusa da Alelu, zanena jiƙe har gwiwa, ƙafafuna duk laka, sai na ji wani gurnani daga arewa wanda bai yi kama da na babur ba, bai kuma yi kama da na injin niƙa ba. Duk garin yana wurin, har da tsofaffin da sai ranar Idi ake ganinsu a waje, kuma kowa ya ɗaga kai. Can saman giginyu wani abu fari ya ɓullo, rana na walƙiya a jikinsa. Ya zo ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa har inuwarsa ta shafe ni, sannan ya karkata fiffike ɗaya ya kewayo. A nan na ga abin da ya kashe mini jiki: akwai mutum a ciki. Na ga kansa, na ga hannunsa a jikin taga. Mu da muka saba ganin jirgi can ƙololuwa, ɗan ɗigo mai jan farin zare a bayansa, ban taɓa kawo wa raina cewa ɗan'adam ne zaune a ciki yana kallonmu ba.

Abin da ya kawo shi kuwa tsuntsaye ne, jan-baki, waɗanda mu a wurinmu muke kira buwa. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, geronmu bai yi kai ba, tun kafin bazara ta shigo Inna ke leƙa rumbu ta sauko da abin da bai cika ƙwarya ba. Abin da ya rage mana shi ne shinkafar rani da Baba ya shuka a fadama. Ita za mu ci har sabon gero ya nuna, mu tara a gidan, kuma duk mun san haka in ban da ƙanena da ke goye. Shinkafar ta yi kyau abin sha'awa, ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar madara, daidai lokacin da buwa ta fi sonta. Sai ga su nan. Wanda bai taɓa ganin buwa ba da wuya ya gane abin da nake nufi. Ɗaya daga cikinsu ba ta cika tafin hannun yaro ba, amma idan suka taso daga bakin gulbi da sassafe sai ka rantse hayaƙin gobara ne ya turnuƙe gabas. Su sauka a gonar mutum, kafin ya ƙarasa salati sun tashi, kan shinkafar ya koma fari fat, babu komai a ciki sai ƙaiƙayi.

Ni da yayana Manu aka ba korar tsuntsu. Baba ya kafa mana dandamalin itace a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, muka rataya gwangwanayen madara da na tumatir da tsakuwa a ciki. Tun gari bai gama wayewa ba muke hawa, Manu da majaujawarsa, ni da igiya, muna ja muna ihu har rana ta faɗi. Cikin kwana biyar muryata ta dushe, sai dai in buɗe baki iska ta fito. Makaranta kuwa ta zama kufai, don kowane gida ya kwashe 'ya'yansa zuwa fadama. An ce malamarmu takan kira sunaye ga kujeru, ta rufe littafi, ta zauna tana fifita. Gaɗa da carafke duk mun manta da su. Inna kan kawo mana kunu da rana, ta tsaya a kanmu har mu shanye, tana cewa, "Ku sha ku koma, su ba su hutawa." Duk da wannan wahala, kullum sai mun ga farin ya ƙara cin gefen gonar. Da yamma Baba kan zo ya murza kan shinkafa a tafinsa, ya hura, ya daɗe yana kallon abin da ya rage.

Malam Ishaya ne ya kawo labarin jirgi. Shi ne malamin gona na yankinmu, Kirista ne mutumin wajen Zuru, yana zaune a Jega, kuma ya daɗe tare da mu har yakan ci tuwo a zaurenmu ya yi wa Inna tsiyar miyarta ta cika yaji. Ya ce an samo jirgin feshi, zai zo ya yi wa buwa magani a inda take kwana. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne da ya ce jirgin ba na gwamnati ba ne, na wani mutum ne, nasa na kansa, shi ya saya, shi yake tuƙawa, hayarsa kawai aka ɗauka. Dattawa suka yi ta maimaita maganar a bakin masallaci. Mutum ya mallaki jaki, ya mallaki shanun noma, in ya ƙasaita ya mallaki mota, wannan duk mun sani. Amma jirgi? Ni dai na kwana biyu ina tunanin ina yake ajiye shi, kuma ko matarsa takan aike shi da shi kasuwa. Malam Ishaya ya ja kunne da abu guda: yamma ɗaya tak mai jirgin zai ba mu. Washegari zai wuce wajen Maiyama, inda buwa ta addabi mutanen Giwa Tazo, daga can kuma ya yi nisa. In aka rasa wannan yamma, an rasa ke nan.

Sharaɗinsa shi ne a samar masa fili miƙaƙƙe, sumul, babu dutse, babu kututture, babu rami. Aka zaɓi wani tudu tsakanin gari da fadama inda samari ke buga ƙwallo, wanda gefensa na kudu ya gangara ya shiga baƙar ƙasa mai laka. Mai gari ya ɗora wa Baba aikin, don an san shi da tsantseni. Mutum ne da idan ya gyara fangalin albasa sai ka ce da zare aka ja shi. Kwana uku maza suna sassabe suna cike ramuka, mata suna shara, har filin ya yi laushi kamar gari. Ranar Talata bayan la'asar wani jaki ya ratsa ta ciki, ƙura ta tashi ta rufe shi har kunnuwa. Baba ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai, ya ce, "Baƙo shi sabko daga sama, mu tarbe shi da ƙura? Wanga ba halinmu na ba." Babu wanda ya musa, don a wurinmu ba a karɓar baƙon kirki a busasshiyar ƙasa. Ko suna za a yi, ko ɗaurin aure, ko surukai za su zo daga Jiga Birni, garin su Inna, sai 'yan mata sun share ƙofar gida sun yi mata yayyafi. Ga shi mu manoman rani ne, duk abin da ya dame mu ruwa muke fara ba shi. Malam Ishaya yana Jega wajen ɗauko mai da magani, babu wanda za a tambaya, kuma gaskiya babu wanda ya ga abin tambaya a ciki.

Bayan sallar asuba ranar Laraba aka tayar da injin ban-ruwan Baba, aka jona tiyo daga rijiyar lambunsa. Tiyon bai kai ko'ina ba sai gefen kudu, wajen lakar nan. Sauran filin mata suka bi da bokitai, ruwan da bai kai hantsi ba ya bushe. Ni aka ba tiyo, tunda yayyafi aikin 'yan mata ne, kuma ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Baba ya ce mini, "Kulu, yayyahi za ki yi, kak ki bari ruwa su kwanta." Na ce to. Amma ni a raina na riga na zaɓa wa jirgin wurin tsayawa, daura da tsamiyar da aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi, kuma na ga bai kamata wurin zaman baƙo ya sha daidai da sauran wurare ba. Na ba shi, na ƙara masa. Bayan haka, duk lokacin da wani yaro ya yi ihu cewa ga shi nan, sai in yar da tiyo in ruga ina kallon sama. Sau uku ana haka, sau ukun duk shirwa ce, ruwa kuwa yana ta kwarara. Lakar ta shanye shi tas, rana ta busar da samanta, wurin ya yi lumui yana ƙamshin ruwan farko. Mata suka yi ta yaba mini.

Shi ne nake tsaye da jiƙaƙƙen zane lokacin da jirgin ya kewayo karo na biyu. Ya miƙo daga arewa yana saukowa a hankali, ƙarar injinsa ta ragu, tayoyinsa suka taɓa ƙasa, ya ɗan yi tsalle ya sake taɓawa. Mutane suka ɗauki kabbara. Ya taho yana gudu yana rage gudu, farfelar gabansa na juyawa har ba a ganinta, kai tsaye zuwa wurin da na gyara masa. Yana shiga sai ƙasar ta buɗe. Tayoyin suka nutse, jirgin ya tsaya cak kamar an riƙe shi ta baya, hancinsa ya duƙa, wutsiyarsa ta ɗaga sama har na ga cikinsa, ta tsaya a can na wani lokaci da ni a wurina ya kai shekara, sannan ta dawo. Injin ya mutu. Kabbarar ta tsaya a maƙogwaron mutane. Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa, don a cikinsa ne muka jiyo gwangwanayen fadama daga nesa, inda aka bar 'yan tsirarun yara suna fama da buwa.

Ƙofa ta buɗe, wani dattijo ya fito, gajere, mai furfura a gemu, da tsohuwar riga mai aljihu da yawa. Ni da nake jiran wani dogo mai kwalliyar soja, sai ga mutum kamar mai gyaran rediyo. Kyaftin ake ce masa, ban taɓa sanin sunansa ba. Yana taka ƙasa takalminsa ya nutse. Bai kalli kowa ba, ya zagaya gaba ya durƙusa, ya bi bakin farfelar da yatsunsa kamar yadda Inna ke duba kan ƙanena in ya faɗi. Tsakaninta da ƙasa bai fi faɗin hannu ba. Daidai lokacin motar Malam Ishaya ta iso da durom-durom a baya, ya diro yana riƙe da kai. Kyaftin ya miƙe, ya tambaya da Hausarsa irin ta mutanen gabas, wa ya zuba ruwa a nan. Baba ya tako gaba, ya cire hularsa, ya ce, "Ni nis sa anka zuba, ranka shi daɗe." Bai waiwayo inda nake ba. Kyaftin ya ce don me. Baba ya ce don kada baƙo ya sauka cikin ƙura. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke numfashi ya ce, "Shekarata nawa ina sauka a garuruwan mutane, ba a taɓa yi mini yayyafi ba." Ya ƙara da cewa shi ma da laifinsa, ya hango duhun wurin daga sama ya ɗauka kalar ƙasar ce.

Ya faɗa mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Da farfelar ta taɓa ƙasa, da zance ya ƙare. Tunda Allah ya tsare, in an fitar da jirgin kafin la'asar za a yi feshi. In ba a fitar ba, babu. Na kalli Inna a cikin mata, na ga ta zauna a ƙasa da goyonta, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban jama'a ba. Samari suka yi caa za su kama jirgin ta ko'ina, Kyaftin ya daka musu tsawa, karon farko da na ƙarshe da na ji ya ɗaga murya. Ya nuna inda za a taɓa da inda ba za a taɓa ba: kada a ja farfela, kada a danna wutsiya, a tura kawai ta sandunan da suka tokare fukafukai. Ashe wannan abin da ya ratsa sama jikinsa bai fi kwanon rufi kauri ba. Aka haƙe gindin tayoyin da fartanya da hannu, amma da an tura sai su sake nutsewa. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya tafi rudunsa, rumfar da ya adana 'yar albasarsa a ciki, ya kwance zanan da suka yi mata inuwa, ya bar ta a rana, ya kinkimo su. Maƙwabta da suka gani suka bi sahu. Aka shimfiɗa zana a bayan tayoyi, aka ɗaura igiya a ƙafafun jirgin, aka kawo bijiman noma guda biyu waɗanda sai da aka rufe musu ido kafin su yarda su matso. Da bijimai, da kafaɗun maza, da salatin mata, taku ɗaya, a ɗauko zanan baya a mayar gaba, haka aka ja shi da baya har busasshiyar ƙasa. Azahar ta wuce kafin a gama.

Kyaftin bai yarda ya ci abinci ba sai da ya wanke tayoyin da kansa. Ni ce na kawo masa ruwa a bokiti, ina tafe ina sunkuyar da kai, ya karɓa ya ce, wannan karon a taya kawai, ko? Ashe jiƙaƙƙen zanena ya riga ya ba shi labari. Na tsaya ina kallon yadda yake kula da jirgin. Ya ciro tsumma daga aljihu ya goge gilashi, ya duba baƙin mai, ya tsiyayo fetur daga ƙarƙashin fiffike a wata 'yar kwalba ya ɗaga ta a rana yana dubawa, yana yi yana magana da shi ƙasa-ƙasa. Ya ce wa dattawa ya yi shekaru yana tuƙa na wasu kafin ya sayi wannan, jirgin tsoho ne, a lissafina ya girmi Manu nesa ba kusa ba, kuma ya fi yara goma ci. Sannan ya ɗaga ni ya ce in leƙa ciki. Kujeru biyu ne kacal, a bayansu tankin magani. A gaba agogo ne birjik, babu biyu da suka yarda da juna. Ga warin fetur da zafin roba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan matashin kai a kujerarsa, ɗinkin hannu, da gorar shayi a gefe. Wato wannan abin al'ajabi ɗakin wani ne, akwai wadda ta zauna ta ɗinka masa matashi don kada bayansa ya yi ciwo a sama.

Daga nan ya auna abin da ya rage na busasshen filin da ƙafarsa, daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo fuskarsa babu walwala. Yayyafina ya cinye kusan sulusin filin. Da abin da ya rage, in ji shi, jirgin ba zai iya tashi da cikakken tanki ba, sai rabi. Rabin magani kuwa ba na lalube ba ne, dole ya zuba shi daidai kan makwancin tsuntsayen, don haka yana son wanda ya san wurin sosai ya hau su je ya nuna masa tun da rana. Malam Ishaya ya san yankin, amma bai san takamaiman wurin ba. Wanda ya sani shi ne Baba, don ya sha bin buwa da ƙafa da magariba har cikin ciyayin bakin gulbi, yana neman inda masu cinye masa abinci suke kwana. Duk idanu suka koma kansa. Mutumin da ko bene bai taɓa hawa ba, wanda in zai je Jega ya fi son jakinsa da mota. Ya dubi wajen fadama, ya ce a ba shi buta.

Ya yi alwala ya yi raka'a biyu a gindin tsamiya. Da ya zo bakin ƙofar jirgin sai ya tuɓe takalmansa, kamar yadda ake yi in za a shiga ɗakin mutum. Kyaftin ya yi dariya ya ce ya shigo da su, Baba ya ƙi. Ya miƙo mini su. Aka ɗaure shi da bel, aka rufe ƙofa, inji ya tashi da ƙarar da na ji ta har cikin haƙorana, iskar farfela ta kwashe hulunan dattawa. Jirgin ya ruga, ya ruga, har na ce ba zai tashi ba, sai kawai na ga haske tsakanin tayoyinsa da ƙasa. Ya haye giginyu. Ubana, wanda da safen nan ya yi mini faɗa a kan na bar murfin randa a buɗe, yana sama. Na rungume takalman nan a ƙirjina, da sauran ɗumin ƙafarsa a cikinsu, ina kallon jirgin yana ƙanƙancewa har ya koma kamar ɗaya daga cikin tsuntsayen da ya zo kashewa, sannan ya ɓace a gabas. Tsoro ya kama ni, da wani abin da ya fi tsoro girma wanda ban san sunansa ba a lokacin. Na yi ta kuka ba tare da murya ba, tunda buwa ta riga ta ƙwace mini ita.

Ba su daɗe ba suka dawo, suka sauka lafiya a busasshen gefe. Baba ya fito yana dafa ƙofa, ya sa takalmansa, mutane suka yanyame shi da tambaya. Sai da ya sha ruwa ya zauna, sannan ya ce ya ga gulbi kwance tun daga inda ya fito har inda ya nufa, ya ga Jega da Aliero a lokaci guda ba tare da ya juya kai ba. Wani ya ce gonarsa fa, ya gan ta? Baba ya ɗaga babban yatsansa yana kallo. "Na gane ta," in ji shi. "Da nis sa yatsan ga bisa gilashi, sai yar ruhe ta duka. Abin da muka ci, da abin da muka kuka a kai, duka." Ba ya cikin masu yawan magana, kuma ban sake jin ya ba da labarin tafiyar nan da tsawo ba har ya bar duniya.

Gab da magariba, lokacin da buwa ke komawa makwanci, Kyaftin ya tashi shi kaɗai da rabin tankinsa. Muka hau tudu muna hangensa can bakin gulbi, ƙasa-ƙasa, yana kai da komo, wani farin hazo na bin bayansa, rana ja tana faɗuwa. Ya dawo da sauran haske. Abin da ya yi bayan nan ya ba dattawa dariya har da hawaye: ya ciro turaku uku ya kafa, ya ɗaure fukafukai da wutsiya da igiya, wai don kada iska ta ɗauke shi. Ashe jirgi ma turke ake yi masa kamar jaki.

Washegari ni da Manu muka hau dandamali kamar kullum, muka riƙe igiya muna jiran hayaƙin gabas. Bai zo ba. 'Yan tsiraru ne suka taso, waɗanda gwangwani ɗaya ya isa ya kora. A karon farko cikin makonni na ji motsin iska a cikin shinkafa. Malam Ishaya ya bi gida-gida yana gargaɗi kada wanda ya kuskura ya ci mushen tsuntsayen, akwai guba. Waɗanda suka je binne su sun ce ƙasa ba ta ganuwa. Manu ya kawo mini ɗaya a kan ganye, 'yar mitsitsiya, bakinta ja kamar an sa mata lalle, na ji tausayinta duk da abin da ta yi mana. Da Kyaftin zai tafi, gari ya tara masa abin sallama: buhunan albasa, da kaji, da rago daga mai gari. Ya yi godiya ya ce jirgin ba zai ɗauka ba, komai a cikinsa a aune yake. Mutane suka yi ta mamaki, abin da ke zuwa Sakkwato kafin a dafa shayi, amma ya kasa ɗaukar kayan da jakinmu ke ɗauka yana tafe yana cin ciyawa. Albasa uku ya zaɓa daga ta Baba, ya sa a aljihun rigarsa, ya tashi ya yi kudu. Ya karkata mana fiffike sau ɗaya, ba mu sake ganinsa ba.

Gefen gonar da buwa ta riga ta ci bai dawo ba, kuma albasar da ta wuni a rana rabinta ta ruɓe. Amma tsakiyar shinkafar ta ƙosa. Muka yanke ta, muka sussuke, Inna ta yi ta lallaɓa ta da rama da zogale, ta kai mu har ranar da aka gasa tumun farko na sabon gero. Babu wanda ya kwana da yunwa a gidanmu shekarar nan. Wata bakwai yaran garinmu ba su da abin wasa sai jirgin kara, kowa da farfelarsa ta ganyen giginya. Daga wannan girbin Baba ya ware iri, ya ci gaba da shuka shi kowace shekara, a gida muna ce mata shinkafar jirgi.

Yanzu ina koyarwa a Jega, shinkafa kuwa a kasuwa nake awo kamar kowa. Na shiga babban jirgi da na je aikin Hajji, aka zaunar da ni a tsakiya, nesa da taga, ban ga komai ba sai ƙeyar wadda ke gabana. 'Ya'yana in jirgi ya wuce ko kai ba sa ɗagawa daga waya. Filin nan an yanka shi an yi gidaje. Manu ya ci gaba da noma irin Baba shekaru bayan rasuwarsa, har bara waccan da ya koma sabon iri mai saurin nuna, kuma ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Da zai sauya irin, ya aiko mini da ragowar tsohuwar a ƙullin leda, ba ta fi mudu ba, ya ce in dafa wa yara. Na buɗe, na zuba a tafina, na daɗe ina kallo. Har yau ban iya dafa ta ba.